Mutuwar Maiturare ta Arba'in da Ɗaya

Daga Gummi ka gangara Bukkuyum har ka ɓulle Anka, babu wanda ya iya mutuwa kamar Maiturare. Ba zagi ba ne, sana'arta ke nan. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana wasan kwaikwayo, a dandali da kuma a fim, kuma a cikin shekarun nan ta mutu sau arba'in cif. Maciji ya sare ta sau shida, ta sha guba sau huɗu, mota ta kaɗe ta, ta faɗa rijiya, baƙin cikin 'ya'ya marasa jin magana kuwa ya kashe ta har an daina ƙirgawa daban. Akwai fim ɗin da kabewa ta faɗo mata a ka daga kan rumfa, kuma ko a wannan sai da ta sa matan Gwashi kuka.

Sunanta na yanka Lubabatu. Sunan Maiturare kuwa ta samo shi ne daga fim ɗinta na farko, inda ta fito a dillaliyar turare, ta mutu tun ba a kai rabi ba. Turaren ya bi iska, sunan ya zauna.

Ita ba ta mutuwar gaggawa. Sai ta yi tari, ta nemi ruwa, a kawo ta ce ya yi sanyi da yawa. Ta yi wasiyya, ta raba tukwane, ta yafe wa kowa ɗaya bayan ɗaya har da wanda bai yi mata komai ba. Sannan ta lumshe ido. Har an fara salati sai ta buɗe ta ce ta manta da akuyarta da ke wurin wance. Mas'ud, daraktan da ya fi kowa aiki da ita, ya cinye bakin hula ya kai uku saboda takaici, domin shi a takarda layi ɗaya ya rubuta, wato "sai ta cika". Amma fa idan ta cika ɗin, to ta cika. A Tungar Daji, lokacin da suke wasan wayar da kai kan gubar dalma, akuya ta zo ta cinye mata rabin gyale tana kwance, ba ta ko ƙifta ba. A Bukkuyum ruwa ya tsuge ana tsakiyar makokinta, 'yan kallo da 'yan wasa kowa ya yi ta kansa, aka manta ba a ce mata an tashi ba. Sai da Mas'ud ya dawo neman takalminsa ya tarar da ita a kwance cikin taɓo, tana nan a mace kamar yadda aka bar ta.

Baiwar tun daga gida ta taho da ita. Tana yarinya a Adabka, idan an auno gero za a yi surfe, sai barci ya kwashe ta nan take. Barcin ƙarya ne, amma ya fi na gaskiya kyau. Mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, har fifita yake yi mata yana cewa a bar marainiyar Allah ta huta, alhali ga uwa ga uba. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ruɗuwa ba, ita ce mahaifiyarta, Inna Hure. Takan tsaya a bakin ƙofa ta yi kallo ɗaya, ta juya ta ce wa ƙanen yarinyar, "Dalhatu, gaya ma waccan turmi na jiranta." Har Maiturare ta girma ta yi suna ba ta gano ta inda Inna take kama ta ba.

Waccan. Haka Inna take kiranta, ko ta ce yayar Dalhatu, ko baƙuwa idan ta daɗe ba ta zo ba. Maiturare 'yar fari ce, Inna kuwa mutuniyar da ce, kuma ta tashi cikin Fulani maƙwabta, don haka kunyar ɗan fari ta haɗa ta gida biyu ta riƙe. Ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yi mata magana sai ta bi ta kan wani. Ranar da babu kowa a gida, ta kan kaza take bi. Maganar wasa kuwa, duk Adabka an san Inna ba ta kallon abin da take kira shashanci.

Maiturare ta san al'ada ce, ta san ba ƙiyayya ba ce, amma sani daban, zuciya daban. Abin yana ci mata rai ƙwarai. Jama'a sun tafa mata a garuruwan da ba ta san sunansu ba, tsofaffi sun tare ta a kasuwa sun yi mata barka da dawowa, ita kuwa abin da take so bai fi Inna ta zauna ta kalle ta sau ɗaya ba. A shekara ashirin da bakwai, sau uku kacal Inna ta taka gidanta na Gummi. Kowane zuwa a bayan mashin ɗin Dalhatu, ba sanarwa, ta iso buɗu-buɗu ko jage-jage da taɓo, ta tsaya a tsakar gida ta dube ta a kaikaice daga sama har ƙasa, ta sha ruwa, ta ce kanwa ta zo saye, ta juya. Maiturare ta daɗe da yanke hukuncin cewa a wurin Inna kanwar Gummi ta fi ta daraja.

Da gwiwa ta fara ciwo, faɗuwa ƙasa ta zama aiki, sai Maiturare ta ce za ta ajiye wasa ta rubuta tarihinta. Shekara biyu ta yi tana fama da biro da littafin makaranta mai layi. Aka buga kwafi ɗari uku a Gusau, da hotonta a bango tana kwance ido a rufe, har mai ɗab'in ya tambaya ko iyalan marigayiyar ne za su zo ɗauka. Littafin ya ƙunshi komai: wasan farko a makarantar 'yan mata a Anka, inda aka ba ta matsayin bishiya amma ta san yadda ta yi bishiyar ta faɗi ta mutu, da yawon kasuwanni a bayan akori-kura, da akuyar Tungar Daji. A shafi na tara kuwa ta rubuta abin da ya fi tsaya mata a wuya: "Mahaifiyata ba ta taɓa kallon wasana ba, kuma ban taɓa jin sunana a bakinta ba."

Aka sa ranar ƙaddamarwa, Asabar, a wani ɗakin taro a Gummi, kuma a nan za ta yi mutuwarta ta ƙarshe. Ta shirya ta tafi Adabka da kanta, a hanyar da ba kullum take da lafiya ba, ta durƙusa a gaban Inna da ke tsintar wake a faifai. Dalhatu, magidanci mai 'ya'ya shida da furfura a gemu, ya jawo kujera ya zauna a tsakani, domin ya san aikinsa.

"Inna, na rubuta littahi," in ji Maiturare. "Ran Asabat za a ƙaddamar da shi Gummi, kuma za ni yin wasana na ƙarshe. Don Allah ki taho ki gani, ko sau guda."

Inna ta hure ƙaiƙayi. "Dalhatu, mi aka nuhi da ƙaddamarwa?"

"Taro na, Inna. Manya su zo, a yi jawabi, a sha lemo."

"Kuma mutuwa za ta yi?"

"I, amma daga wagga ta bari."

"Kowa daga guda shika bari," in ji Inna. "Ita ta yi arba'in ba ta ƙoshi ba. Hwaɗa mata ba ni zuwa kallon shashanci." Ta ci gaba da tsintar wakenta, can kuma ta ƙara da cewa, "Amma ka duba man mashin. Ran Asabat ina da sayen kanwa Gummi."

"Inna, kanwa ta cika kasuwar Adabka."

"Ta Gummi ta hi kaihi."

Maiturare ta koma gida da zuciya a dagule. Wato ranar da za ta rufe aikin shekara ashirin da bakwai, uwarta za ta kasance a gari ɗaya da ita, a gaban mai kanwa.

Ranar Asabar aka ce ƙarfe goma na safe, aka fara sha biyu da rabi. Ɗaki ya cika maƙil, mata a dama, maza a hagu, waɗanda ba su samu kujera ba suka maƙale a tagogi. Aka yi jawabai masu tsawo, kowane mai magana ya fara da cewa ba zai tsawaita ba. Maiturare ta leƙa ta bayan labule ya fi sau goma. Ta hango Dalhatu a tsaye a bakin ƙofa yana cin gyaɗa, amma ba ta ga Inna ba. Wani malamin makaranta da aka ɗora wa sharhin littafi ya tashi, ya gyara tabarau, kuma duk cikin shafuka ɗari da ashirin bai ga na karantawa ba sai shafi na tara. Ya karanta shi a lasifika da murya mai rawa, mata suka yi ta "wayyo". Maiturare ta ji kunya ta rufe ta, ta kuma ji wani ɗan daɗi na mugunta, ta ce a ranta ai gaskiya ce.

Aka buɗe labule. A wasan, ita tsohuwa ce da ragon layya ya tunkuya. Ta yi tarinta, ta nemi ruwanta, ta raba tukwanenta, ta manta da akuya ta tuno, duk yadda jama'a suke so, suna faɗin maganar tare da ita tun kafin ta faɗa. Daga ƙarshe ta saki kai.

A nan ne Mas'ud ya kawo sabuwar dabararsa. Ya ce tunda mutuwar ban kwana ce, a lulluɓe ta da farin ƙyalle tun daga ka har ƙafa. Shi da kansa ya rufe ta, kuma saboda fankar ɗakin tana ɗaga ƙyallen, ya cusa gefen ƙyallen ƙarƙashin dugaduganta ya ɗaure tam. Sai Yusufu, wanda ya fito a ɗanta, ya zo zai yi jawabin makoki. Yusufu ya buɗe baki, magana ta gudu. Ya yi kuka don ya samu lokacin tunowa, bai tuno ba. Ya sake wani kukan. Lauwali, mai fitowa a liman, ya ja doguwar addu'a don ya cece shi, ya ƙare, ya sake jan wata. Minti goma suka wuce. Maiturare tana ƙarƙashin ƙyalle gumi yana bin kunnenta, tana tsine wa Yusufu a zuci, amma ko numfashinta ba a gani. Mace ce mai kishin sana'arta.

Sai ta ji ɗakin ya ɗauki wani irin guna-guni. Ta ji takun takalmin roba, fat, fat, fat, yana tahowa daga can bayan ginshiƙi, ya hau matakala. Ta ji muryar Mas'ud yana raɗa da ƙarfi.

"Hajiya, ba a hawa nan. Wasa muka yi. Don Allah ki koma ki zamna."

Ta ji wani abu ya ce tim, Mas'ud ya ce "wash". Daga baya aka tabbatar mata ƙullin kanwa ne, kuma a goshi ya same shi.

"Kauce, ɗan nan. Wa yar ruhe mata ƙahwa?"

Maiturare ta kasa kunne. Muryar Inna ce.

Ta ji hannu ya kama ƙyallen wajen ƙafafunta yana ja. Ɗaurin Mas'ud ya ƙi kwancewa. Hannun ya sake ja, ya kasa, hannun da ta sani yana ɗaga tukunyar tuwo daga murhu ba tsumma. Inna tana numfashi sama-sama tana cewa, "Ta daɗe. Ba ta daɗewa haka. Ku kwance min abin ga." Babu wanda ya motsa, kowa ya daskare. Sai tsohuwar ta saki ƙyallen, ta dafa ƙirjin gawar, ta ɗaga murya a gaban duk mutanen Gummi.

"Lubabatu!"

Shekararta arba'in da shida a duniya, ba ta taɓa jin yadda sunan yake a wannan bakin ba. Ashe haka yake. Akuya ba ta tashe ta ba, ruwan Bukkuyum bai tashe ta ba, ta sha yi wa yara 'yan koyo gorin cewa ko gobara aka yi gawa ba ta gudu. Ta tuna duk wannan, ta tuna littafi, ta tuna manyan baƙi a kujerun gaba.

"Lubabatu!"

"Na'am, Inna," in ji gawar.

Lauwali liman, wanda da shi aka yi ta gwajin wasan sati uku, kuma da safiyar nan ya ci waina tare da marigayiyar, ya yi tsalle ya dira daga dandali ya bar rawani a baya. Wasu mata a layin gaba suka tashi da salati suka yi ƙofa. Sauran ɗakin ya kece da dariya. Inna ba ta kula kowa ba. Ta samu ta fincike ƙyallen daga ƙarƙashin dugadugan, ta sunkuya ta ƙura wa ƙafar hagu ido.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ga shi nan yana rawa."

Maiturare ta yaye ƙyallen daga fuska ta ɗago kai ta dubi ƙafarta. Babban yatsanta na hagu yana motsi a hankali, sama da ƙasa, shi kaɗai, ba da izininta ba.

Inna ta juya kan Mas'ud, wanda ke dafe da goshi, ta nuna shi da yatsa. Lasifikar Yusufu tana kusa da ita, don haka har na kan taga sun ji.

"Kai na mai ruhe ƙahwa ko? Na daɗe ina nemanka. Tun tana 'yar shekara biyar, in tana kwanan ƙarya, yatsan ga shika motsi. Mutuwa arba'in nag gani. Da can gidan mai bidiyo, ta bayan zana, yanzu ga wayar Hawwa'u mai nono. Ni ban san labarin ba, ban san wa yak kashe ta ba, yatsa nika kallo. In yam motsa in tashi in ɗora tukunyata. Sau ukku kana ɓoye min shi. Na rijiya, da na mota, da wanda kunka sa mata safa. Sau ukku ina hawan mashin da tsuhwana, ina ƙetare gulbi, in zo in gani da idona. Ka san kuɗin kanwa nawa ka ja min?"

Ɗakin ya sake fashewa, wasu na dariya wasu na share hawaye, wasu na yin duka biyun. A nan ne Inna ta farga da inda take, da abin da ta faɗa, da kuma sunan da ta kira har sau biyu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tsinci ƙullin kanwarta, ta juya wa 'yarta baya.

"Dalhatu!" ta kira. "Gaya ma yayakka ta koma ta ƙarasa mutuwatta, mutane na jira. Amma a bar ƙahwa waje."

Ta sauka, amma ba ta koma bayan ginshiƙi ba. Wani babban baƙo ya tashi ya ba ta kujerarsa a layin gaba, ta zauna tana kallon gefe kamar wadda aka tilasta.

Maiturare ta koma ta kwanta. Wannan ita ce mutuwa mafi muni da ta taɓa yi a rayuwarta. Gawa tana shessheƙa, kafaɗu suna rawa, tana jan majina, ƙyalle ya jiƙe a wajen ido. Ƙafa kuwa tana waje, kuma duk ɗakin babu mai sauraron Yusufu, wanda sai yanzu jawabinsa ya dawo masa. Kowa yatsa yake kallo. Da aka rufe labule an yi tafin da ba a taɓa yi mata irinsa ba, ita kuma ko a jikinta, domin murna ta cika ta har ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Ta fito da gudu, da ciwon gwiwar da komai, ta tarar Inna har ta hau bayan mashin. Ta durƙusa a ƙasa ta ce, "Na gode, Inna."

Inna ta dubi wata kaza da ke wucewa. "Rana na yi, hanya ba kyau," ta gaya wa kazar.

Dalhatu ya sunkuyo yana taka giya, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ƙulli ukku na nan rataye ɗakinta, ko kwance su ba a yi ba. Wanga na huɗu. Ita ko kanwa ba ta sha, tana tada mata ciki."

Mashin ya tashi. Maiturare ta tsaya tana kallo har suka sha kwana, kuma ta ga Inna ta waiwayo sau ɗaya, ba fuskarta ta kalla ba, ƙafarta ta kalla.

Da ta koma ciki ta tarar an yi layi a gaban teburin littattafai, kowa yana so ta sa masa hannu. Ta ce a yi haƙuri, akwai gyara. Ta zauna ta karɓi biron Mas'ud, ta jawo kwafin farko ta buɗe shafi na tara, ta soke layin nan biyu. Mas'ud ya ce kwafi ɗari uku ne fa, za ta kai la'asar. Ta ce ko magariba ce. A gefen shafin ta rubuta da hannunta, ta miƙa wa mai shi, ta jawo na biyu ta sake rubutawa: "Ta kalla duka. Ta kira ni, na amsa."